Koyon Harkar Filaye a Bayan Manya: Inda Ya Kamata Ma'aikaci Ya Tsaya

A Abuja, inda hayar gida ta shekara ke cinye albashin watanni, ba abin mamaki ba ne ma'aikatan gwamnatin tarayya da hadiman manya su karkata ga harkar filaye da gidaje. Da yawa sun bi tsohuwar hanyar kasuwa: su raɓi wanda ya jima a sana'ar, su raka shi duba fili a Lugbe ko Kubwa ranar Asabar, su riƙe masa takardu, su saurari yadda ake ciniki. Ba su da rajista da wata hukuma, kuma koyo ba ya buƙatar rajista.

Hanyar tana da amfani, domin wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. A wajen ƙwararre ne mai koyo zai gane cewa tun dokar 1976 filayen Babban Birnin Tarayya suna hannun gwamnatin tarayya, Ministan Abuja ke raba su, don haka takardar da mai unguwa ya sa wa hannu ba ta tare katafila ranar rusau. A can zai koyi bincike a ofishin AGIS kafin biyan ko sisi, da duba amfanin da aka ware wa fili a taswirar birni, da sanin cewa ƙin biyan harajin fili na iya janyo soke takardar mallaka.

Sai dai akwai iyakar da ma'aikaci ba zai tsallake ba. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin cikakken lokaci gudanar da kasuwanci mai zaman kansa, in banda noma. Yana iya sayen fili da kuɗinsa, ya bayyana shi ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata. Amma ranar da ya fara nemo masu saye yana karɓar la'ada, ya zama dillali. Kimanta darajar gida a hukumance kuwa aikin masu rajista ne da hukumar ESVARBON, wadda aka kafa a 1975.

Haɗarin ya fi girma ga hadimai. Wasu iyayen gidan ba almajiri suke nema ba: suna neman wanda zai tura musu fayil a ofis, ko ya ɗauki tsabar kuɗi, ko ya ara musu sunansa a kan takardar gida. Dokar hana safarar kuɗaɗen haram ta 2022 ta haramta wa mutum biya ko karɓar tsabar kuɗin da ya haura naira miliyan 5 ba ta banki ba. In EFCC ta zo, sunan da ke kan takarda take fara tambaya. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Ya dace Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya da Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata su fitar da bayani a sarari kan bambancin zuba jari da gudanar da kasuwanci. Shi kuma ma'aikaci ya bincika halin wanda zai bi, ya ƙi sa hannu a cinikin da ba nasa ba, ya raba kujerar ofis da harkar fili. Ilimin da ya tara zai amfane shi bayan ritaya, in ya kai ranar da aikinsa da mutuncinsa.