Raba hanya kashi-kashi: matakin farko na rage haɗarin mota

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa mutum kusan miliyan 1.19 ke rasuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma in aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce kan gaba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin rage rabin wannan asara daga 2021 zuwa 2030. To, ta ina za a fara?

Mu ɗauki babbar hanyarmu mai lamba 1, wadda ta tashi daga Yamai ta bi Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni da Maraɗi har Damagaram da Diffa. Wanda ya ce “hanyar nan tana cin rayuka” gaskiya ya faɗa, amma bai nuna inda za a gyara ba. Shi ya sa masana ke yanka hanya gunduwa-gunduwa. Duk inda halinta ya sauya, a yi iyaka: kwana, gada, mararraba irin ta Tsernawa inda ake ratsewa zuwa Tawa, ko gari irin Galmi da manyan motocin albasa ke tsayawa a bakin titi. Ƙungiyar iRAP ma kowace mita 100 take dubawa, ta ba hanya tauraro daga 1 zuwa 5.

Yankan yana buƙatar hikima. In kashi ya yi tsawo, wuri mai haɗari sai ya ɓace cikin masu lafiya. In ya yi gajarta, haɗari guda na tsautsayi sai ya sa a zuba kuɗi inda babu matsala. Don haka ake tara bayanan shekara 3 zuwa 5, a gwada su da yawan motocin da ke wucewa.

Nan ne gizo ke saƙa. Lissafin ba ya yiwuwa sai jandarma ya rubuta kilomitar da abin ya faru, ba “kusa da gari kaza” ba. Wannan kuwa sai duwatsun kilomita suna tsaye, ana karanta su.

'Yan'uwa, imani da ƙaddara bai hana riƙo da sababi ba. Mutanen gari sun fi kowa sanin kwanar da ke cinye musu 'ya'ya. Ɗalibai su rubuta ranar kowane haɗari da wurinsa, shugabannin unguwa su kai wa magajin gari da hukuma. Allah Ya kiyaye mana hanya.