Abin Shan Karkara Ya Cancanci Gurbi A Gidajen Abincinmu

 

A Faransa da Italiya, manyan gidajen abinci kan ajiye takarda mai jerin giyar inabi, kowace da sunan yankin da aka noma inabinta. Faransa ta kafa dokar kare waɗannan sunaye tun 1935. Duk ranar da mai gidan abinci ya saka giyar wani ƙauye da ba a sani ba cikin jerinsa, manoman ƙauyen sun samu kasuwa. Mu kam wannan ƙofa a rufe take. Aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haramta giya, kuma hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito ya haɗa mai matsa ta, da mai ɗaukarta, da mai sayar da ita, da mai shayar da ita cikin tsinuwa. Sai dai girmama manomi ta hanyar ambaton ƙasarsa adalci ne, kuma da abin sha na halal mun fi kowa dacewa da yin sa.

Mu dubi abin da ake miƙo mana a gidajen abinci da wuraren biki a Kano: lemon kwalba, da ruwan 'ya'yan itace na kwali, da dogayen kwalaben inabi mai kumfa waɗanda aka ƙera da siffar kwalbar giya. Ruwan inabin da bai taɓa zama giya ba halal ne. Wanda kuwa aka bari ya zama giya sannan aka cire masa abin maye, malamai sun yi saɓani a kansa, kuma mai saye ba kullum yake iya bambance su ba. Me ya kai mu sayen shubuha da tsada, alhali halal tsantsa yana bayan gari?

Daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Bichi zuwa Ɗambatta, Makoɗa da Kunchi, ƙauyuka a manne suke da juna, gona na bin gona. Ba a barin ƙasa ta huta. Da taki da gumi ake noma ta kowace damina. Gado ya rarraba gonakin har sun zama ƙanana, don haka manomi ba ya wasa da ko taƙi ɗaya. Gero da dawa da gyaɗa a tsakiya, zoɓo a kan iyaka, tsamiya da kuka da ɗinya a tsaye cikin gona. Daga nan ake samun fura da nono, kunun zaƙi, kunun gyaɗa, kunun tsamiya, da zoɓo mai citta da kanumfari. Mata ne ke surfe da daka da damawa, amma da zarar buhu ya shiga kasuwar Dawanau sunan ƙauyensu ya ɓace, ribar kuma ta tafi hannun wani.

Wasu sun riga mu gane darajar irin wannan amfani. A Sifaniya, kunun aya abin alfaharin yankin Balensiya ne, har hukuma ta kare sunan ayarsu, alhali suna sayen aya daga Nijar, inda jihar Maraɗi ta shahara da nomanta. Zoɓon Nijeriya kuwa har Meksiko ake kai shi. Abin da ake ɗauka a jirgin ruwa, mu muna jin kunyar ɗora shi a kan tebur.

Masu gidajen abinci za su ce abin shan gargajiya ba ya jimawa, kuma tsabtarsa abar dubawa ce. Maganarsu tana kan hanya, kuma Sunna ta riga ta ba da ma'auni. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa akan jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi a ruwa, ya sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage kuma a shayar ko a zubar. A zafin Kano, kunu ba ya kai haka kafin ya juya. Don haka a haɗa na yini a yininsa, da ruwa mai tsabta, a dafa madara kafin a yi nono, a ajiye a sanyi. Wanda ya fara kumfa da warin tsami, a zubar.

Sharaɗi na biyu shi ne gaskiya. Idan geron Bichi ne, a rubuta Bichi. Idan tsamiyar Makoɗa ce, a rubuta Makoɗa. Liƙa sunan gari a kan kayan da ba nasa ba algus ne, kuma Annabi (SAW) ya barranta daga mai algus. A kuma sayi kayan kai tsaye daga manoma da matan da ke sarrafa su, a kan farashin da aka yi yarjejeniya, a biya a kan lokaci.

Sauran aiki namu ne, magidanta da ɗalibai. Ɗan kasuwa abin da ake tambaya yake kawowa. Idan muka zauna cin abinci, mu tambayi zoɓo ko fura, mu tambayi daga ina suke. Idan za mu aurar da 'ya'yanmu, mu ba matan ƙauyenmu aikin abin sha. Allah Ya ciyar da mu halal, Ya shayar da mu halal, Ya sanya albarka a gonakinmu.