Arzikin teku: Dalilin da ya sa Najeriya ke buƙatar ƙidayar halittun gaɓarta

Tun daga watan Agustan 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙiro Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa, ya damƙa ta ga Adegboyega Oyetola, ake ta jin alƙawuran samar da ayyukan yi da kuɗin shiga daga teku. Sai dai mafi yawan bayanan sun karkata ne ga tashoshin jiragen ruwa da dakon kaya. Ba a cika jin batun halittun da ke rayuwa a gaɓar ƙasar mai tsawon kilomita 853 ba, daga Legas zuwa Kuros Riba: nawa ne, a ina suke hayayyafa, kuma raguwa suke yi ko ƙaruwa? Duk tsarin da aka gina ba tare da amsar waɗannan tambayoyi ba, cinikin biri a sama ne.

Lamarin ya shafi har wanda bai taɓa ganin teku ba. Alƙaluman gwamnati sun nuna cewa ƙasar na buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, alhali abin da take samarwa bai kai rabin hakan ba. Kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi da kuɗin waje shi ke cike wani ɓangare na giɓin, shi ya sa duk lokacin da Naira ta faɗi, mai sayar da kifi a Kano ko Kaduna ke gani a farashin kwali. Haka busasshen jatan lande da ake sarowa daga Oron a Akwa Ibom, rayuwarsa ta dogara ne ga lafiyar ruwan gaɓa.

Yadda ake ƙidayar

Masana na amfani da hanyoyi da dama. Jirgin bincike kan ja koma a wurare da aka keɓe, a ware abin da aka kama jinsi-jinsi, a auna nauyi da tsawo, sannan a koma wuraren bayan wani lokaci domin kwatantawa. Akwai na'urar da ke aika sauti cikin ruwa ta gano yawan garken kifi. Tauraron ɗan Adam na nuna faɗin dazukan gaɓa. A 'yan shekarun nan kuma ana ɗibar ruwa a kwalba a gano irin halittun da suka ratsa wurin daga burbushin ƙwayoyin gadonsu. Hanya mafi arha ita ce ajiye ma'aikata a masaukan kwalekwale suna rubuta abin da masunta suka kamo kullum.

Amfanin duk waɗannan yana cikin maimaitawa. Ƙidaya ɗaya hoto ce kawai; jerin ƙidayoyi na shekaru ne ke nuna inda aka dosa. An yi babban binciken jan koma a Mashigin Tekun Gini tun a 1963 da 1964, kuma Najeriya ta kafa Cibiyar Binciken Teku ta NIOMR a Legas a 1975, wadda ta samu jirgin bincike mai suna Bayagbona a 2014. Ke nan akwai cibiya, akwai masana. Abin da ya rage shi ne kuɗin da zai sa aikin ya ɗore kowace shekara.

Abin da ke cikin haɗari

Najeriya ce ke da dajin mangurof mafi girma a Afirka, wato itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin teku. A tsakanin saiwoyinsu ƙananan kifaye da jatan lande ke girma kafin su fita teku. Malalar mai da saran itace sun ci wani ɓangare na dajin, sannan wani irin kwakwa mai suna nipa, da aka kawo Kalaba daga Asiya a 1906, na mamaye gurbinsa ba tare da ba kifi irin wannan mafaka ba.

Kunkurun teku na hawowa rairayin gaɓar ƙasar domin yin ƙwai. Akwai dolfin mai doro na Atlantika, wanda Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta sa cikin jerin dabbobin da ke dab da ƙarewa a 2017. Akwai kuma ayu, wanda mazauna bakin kogin Binuwai da Neja suka sani, yake kuma rayuwa a rafukan Neja Delta. Kare su ma harka ce ta kasuwanci: tun 1989 Amurka ta yi dokar hana sayen jatan lande daga ƙasar da jiragenta ke halaka kunkuru, abin da ya sa ake wajabta wa jiragen Najeriya sanya wata ƙofa a komarsu da kunkuru zai kuɓuta ta ciki.

Rashin ƙidaya na kuma tauye haƙƙin talaka. A farkon 2020 matattun kifaye masu ɗimbin yawa sun yi ta fitowa a gaɓar Delta da Bayelsa da Ribas. A irin wannan hali, masuncin da ke neman diyya sai ya nuna abin da ruwan ke bayarwa kafin ɓarnar, kuma in babu rubutaccen ma'auni, maganarsa ce kawai a gaban lauyoyin kamfani. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni na 2011 ya yi tasiri ne saboda an gina shi kan samfura fiye da 4,000, har ya ƙiyasta cewa gyaran zai ɗauki shekara 25 zuwa 30. Yanzu da ake shimfiɗa titin gaɓar teku mai kilomita 700 daga Legas zuwa Kalaba, auna abin da ke wurin kafin aiki ya iso shi ne kawai zai ba da damar sanin abin da aka rasa daga baya.

Darasi daga Gabon

A watan Disambar 2022, ƙasashen duniya sun amince a birnin Montiriyal na Kanada cewa za su killace kashi 30 cikin 100 na ƙasa da teku kafin 2030. Abin da Najeriya ta killace a ruwanta bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Gabon kuwa, bayan binciken ƙarƙashin ruwa da masana suka yi a 2012, ta ayyana wurare 20 a 2017, waɗanda suka kai kusan kashi 26 cikin 100 na ruwanta. Binciken ne ya nuna inda ya dace a rufe da inda za a bar wa masunta.

Wannan rarrabewa na da muhimmanci ga Najeriya, inda ƙananan masunta ke kamo mafi yawan kifin cikin gida. Killace ruwa da ka, domin kawai a cika alƙawarin 2030, zai iya raba dubban iyalai da abincinsu, ya kuma bar wuraren hayayyafar na ainihi a buɗe. Dokar kamun kifin teku ta 1992 da ƙa'idojinta sun hana jiragen jan koma shiga mil biyar daga gaɓa, amma masunta sun daɗe suna kukan ana keta wannan iyaka.

Saboda haka ma'aunin da za a gwada ma'aikatar da shi a bayyane yake: a ware wa ƙidayar kaso tsayayye a kasafin kuɗi, a riƙa fitar da jirgin bincike kowace shekara, a sa masunta cikin aikin tattara bayanai, sannan a wallafa sakamakon kowa ya gani. Majalisar Tarayya ma na da hurumin tambayar wannan a lokacin kare kasafi. Ɗan kasuwar da bai san yawan kayan da ke rumbunsa ba, ba zai san ranar da ya fara cin uwar kuɗi ba.