Wasiƙa a Buɗe ga Masu Shirya Katun na Yara Kan Shigar da Baƙin Ciki Cikin Shirin Raha

Zuwa ga marubuta, masu zane, daraktoci da masu ɗora murya.

Katun da aka gina a kan ban dariya yana ƙulla alkawari da yaron da ke kallonsa, cewa kome ya faru za a tashi lafiya. Kyanwa za ta faɗo daga saman bene ta miƙe tana kakkaɓe jiki, gida zai rushe kuma a kashi na gaba a gan shi a tsaye. Wannan alkawari ne yake ba wa kashi guda mai sosa zuciya nauyin da ba zai samu a fim ɗin manya ba, domin yaron ya zauna ne da sakin jiki, bai yi shirin kuka ba. Marubucin da zai taɓa wannan amana sai ya san abin da zai ba yaron a madadinta.

Abu na farko shi ne a tabbatar mai kallo ya riga ya shaƙu da abin da za a raba shi da shi. A shirin Pokémon, wanda aka fara nunawa a Japan a 1997, halittar farko da yaron nan Ash ya kama da hannunsa wata 'yar tsutsa ce, Caterpie, tun a kashi na uku. Yara sun ga ta rikiɗe har ta zama malam-buɗe-littafi mai suna Butterfree, sun ga ta yi faɗa ta ci, ta yi faɗa an ci ta. Sai a kashi na 21 Ash ya sake ta domin ta bi 'yan uwanta su ƙetare teku. Ba mutuwa aka yi ba, rabuwa ce kawai, amma waɗanda suka kalla suna yara har yau suna ambatonta. Da a ce a cikin kashin nan aka fara gabatar da halittar, aka kuma sallame ta kafin ya ƙare, da babu kiɗan da zai sa kowa ya damu. Hawaye bashi ne da ake tarawa a kan mai kallo cikin makonni na dariya, marubucin da bai ba da bashin ba ba shi da abin karɓa.

Na biyu, kuma wanda ya fi wuya, shi ne faɗin gaskiya da harshen da yaro zai fahimta. Misalin da masu sana'ar suka fi komawa gare shi ba katun ba ne, shirin 'yan tsana ne na Amurka, Sesame Street, amma darasinsa ya shafi kowa. Will Lee, wanda yake fitowa a matsayin Mista Hooper mai kanti, ya rasu a watan Disamba na 1982. Masu shirin suna iya cewa ya bar unguwa, ko su kawo wani ɗan wasa ya maye gurbinsa. Sai suka zaɓi su gaya wa yara ya mutu, bayan sun nemi shawarar masana halayyar yara. Aka nuna kashin ranar 24 ga Nuwamba, 1983, ranar hutun bikin godiya, da gangan, don iyaye su kasance a gida su amsa tambayoyi.

Yadda aka tsara wurin ya cancanci a dube shi da kyau. Big Bird, ƙaton tsuntsun nan mai hankalin ɗan shekara shida, ya zana hotunan manyan unguwa yana rarraba musu. Da ya zo kan na Mista Hooper sai ya hau nemansa. Aka tuna masa cewa ya mutu. Ya ce to, zai ajiye masa har ya dawo. A nan aka gaya masa a fili cewa wanda ya mutu ba ya dawowa. Damuwar da ta biyo baya ita ce ainihin damuwar yaro: wa zai riƙa kula da kanti, wa zai haɗa masa abin shan da ya saba sha? Aka ba shi amsa da sunan mutum, aka ce David, ɗaya daga cikin manyan unguwar, zai yi, sauran kuma duk suna nan. Masu shirin sun kauce wa jingina mutuwar da ciwo ko kwanciya asibiti, don kada yaron da mahaifiyarsa take mura ya kwana cikin fargaba. Hawayen da aka gani a fuskokin manyan na gaske ne, abokin aikinsu ne ya rasu.

Abin ɗauka a nan shi ne yaro ƙarami yana karɓar magana yadda aka furta ta. Idan aka ce masa kaka ta yi tafiya, zai riƙa leƙa ƙofa. Idan aka ce ta yi barci, zai ji tsoron kwanciya. Kalmar da babba yake ganin ta fi taushi sau da yawa ita ce take barin yaro cikin ruɗani, kuma ruɗani ya fi baƙin ciki daɗewa a ransa.

Ba kowane shiri ne ya kai ga wannan fayyacewa ba. Rugrats na tashar Nickelodeon ya fara a 1991, kuma ya yi shekaru ana ganin Chuckie, ɗaya daga cikin jariran shirin, da mahaifinsa su kaɗai ba tare da an bayyana abin da ya faru da uwarsa ba. Sai a 1997, a kashin ranar iyaye mata, jariran suka tono wani akwati da mahaifin ya ɓoye, suka ga hoton wata mata. Daga ƙarshe uban ya daure ya zaunar da ɗansa a lambun da ta shuka, ya nuna masa kayanta, ya karanta masa abin da ta rubuta masa tana jinya. An bar wa mai kallo ya fahimci ta rasu. Kashin ya yi tasiri, kuma ƙarfinsa yana cikin nuna cewa uban ne yake ɓoye akwatin saboda nasa raunin, ba don yaron ba zai iya ɗauka ba. Sai dai ɗan shekara uku da ya kalla shi kaɗai zai iya tashi bai san inda matar take ba.

Hanyar da ta fi dacewa da shirin raha ita ce a bar baƙin cikin ya bi ta cikin wasan da aka san shirin da shi. A nan Bluey ya yi fice. Shiri ne na Ostireliya wanda Joe Brumm ya ƙirƙira, kamfanin Ludo da ke Brisbane yake zana shi, aka fara nuna shi a 2018. Labarin iyalin karnuka ne: Bluey 'yar shekara shida, ƙanwarta Bingo, ubansu Bandit da uwarsu Chilli, kuma galibi kashi ba ya wuce minti bakwai. A kashin da ake kira Copycat, Bluey ta wayi gari tana kwaikwayon duk abin da babanta ya yi don ta ba shi haushi. Suna cikin haka a kan hanya suka tsinci wani ɗan tsuntsu da ya ji rauni. Suka sa shi a kwalin takalmi, suka garzaya wurin likitan dabbobi, suka zauna jira. Likita ta fito ta ce tsuntsun ya mutu.

Sauran mintunan kashin duk wasa ne. Da suka koma gida Bluey ta sa Bingo ta zama tsuntsu, ita ta zama baba, ta maimaita duk abin da ya faru daki-daki, har da irin maganganun da ya yi a mota. Uwar, wadda aka ba matsayin likita, ta fito da murna ta ce tsuntsu ya warke, kamar yadda kowace uwa za ta yi. Bluey ta ce a'a, ba haka aka yi ba, a sake, a ce ya mutu. Aka sake. Ita kuwa Bingo ba ta san an canza ba, ta ci gaba da fiffika tana zagaye tsakar gida, Bluey ta dube ta ta ƙyale. Kwaikwayon da aka fara da shi don dariya shi ne ya zama hanyar da yarinyar ta bi ta haɗiye abin da ta gani, kuma haka yara suke yi a zahiri. Babu wanda ya tsaya ya yi wa'azi. Marubuci ya lura cewa ba a dakatar da barkwancin ba ko a tsakiyar makoki. Bingo tana nan tana ba da dariya, kuma dariyar ce take gaya wa ɗan kallo cewa har yanzu shirin da ya sani ne.

Katun na ƙananan yara yana da masu kallo biyu, yaro da babban da ke zaune kusa da shi, kuma ana iya yi wa kowanne magana a lokaci guda. A wani kashin Bluey mai suna The Show, yaran suna wasan kwaikwayon yadda iyayensu suka haɗu, Bingo ta cusa balan-balan a riga a matsayin ciki. Balan-balan ta fashe. Cikin daƙiƙa guda aka nuna Bandit ya kama hannun Chilli, murmushinta ya ɗauke. Yaro zai ga wasa ya lalace, Bingo ta yi kuka, yayarta ta lallashe ta. Macen da ta taɓa yin ɓari za ta ga wani abu dabam, kuma daga baya Brumm ya tabbatar abin da ake nufi ke nan. Wannan ƙwarewa ce, amma tana da tarko. Tun da aka gane cewa kukan iyaye yana jawo wa shiri suna, wasu marubuta sun koma farautar hawayen manya, suna barin yaron da aka yi shirin dominsa yana kallon abin da bai shafe shi ba. Ma'aunin mai sauƙi ne: a cire abin da babba kaɗai zai gane, a duba ko saura ya isa labari ga ɗan shekara huɗu.

Akwai kuma baƙin cikin da ba na yara ba ne sam. A 1956 William Hanna da Joseph Barbera suka fitar da wani kashin Tom and Jerry mai suna Blue Cat Blues, inda Tom ya ƙarar da duk abin da ya mallaka a kan wata kyanwa, ta guje shi ta auri mai kuɗi. An rufe da shi da Jerry zaune a kan layin dogo ana jin ƙarar jirgi na tahowa. An yi shi ne don gidajen sinima, inda manya suka fi yawa, kuma ba shi ne kashin ƙarshe na shirin ba kamar yadda ake yaɗawa. Amma yau a waya yara suke cin karo da shi. Babu babba a ciki da zai riƙe hannun kowa, babu gobe, kuma mafitar da aka nuna ita ce halaka kai. Duk labarin da zai bar yaro a nan ba shi da wuri a shirin yara.

Ƙarshen kashi yana buƙatar kulawa ta wani ɓangaren kuma. Ana so a mayar da yaro cikin natsuwa ba tare da an janye rashin da aka nuna masa ba. Ko Bluey bai tsira daga suka a kan wannan ba. A kashin The Sign na watan Afrilun 2024, mai minti 28, an sa gidan iyalin a kasuwa, yaran suka sha zullumin ƙaura, sai a mintunan ƙarshe ciniki ya warware, Bandit ya tumɓuke allon sayarwa, aka fasa tafiya. Wurin ya sa mutane da yawa kuka, sai dai wasu iyaye sun yi ƙorafi, kuma da hujjarsu: yaron da gidansu za su tashi da gaske ya koyi cewa a ƙarshe ana fasawa. Shirin da ya ƙi tayar da tsuntsu daga mutuwa ya zo ya ceci gida. Dalilin a bayyane yake, gidan nan shi ne dandalin shirin gaba ɗaya, amma marubucin da ya san ba zai iya aiwatar da rashi ba gara ya rage girman barazanar tun farko.

Ta fuskar aiki, kiɗa ne aka fi yin ɓarna da shi. Idan sautin tausayi ya riga abin tausayin isowa, ya tona asiri, idan kuma ya yi yawa ya zama tilastawa. Sau da yawa ɗan shiru da fuskar da ba ta motsi sun fi aiki, kuma sun fi arha wajen zane. Mai ɗora murya ya rage sauti maimakon ya ɓarke da kuka, domin kukan babba da ƙarfi tsorata ƙaramin yaro yake yi. Wurin baƙin cikin kansa ya zama gajere, kuma irin waɗannan kashi su zama jefi-jefi a cikin zango.

Masu shirya katun da Hausa, ko masu fassara na waje, suna da kayan aiki a kusa. Yaran Nijeriya sun riga sun san Kami, 'yar tsanar da aka fara fitarwa a Afirka ta Kudu a 2002, marainiya mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV, wadda ta zo cikin shirin Sesame Square na Nijeriya a 2011 tana wasa da dariya kamar kowa. Rayuwar gida kuma cike take da ƙananan rabuwa da suka yi daidai da zuciyar yaro: ragon layya da ya yi wata biyu yana ba shi dusa har ya sa masa suna, yayar da aka kai ɗakin miji aka bar shimfiɗarta babu kowa, aboki da aka tura karatu wani gari. Labarin ragon kaɗai ya isa kashi guda, muddin ba a sa ragon ya tsere a ƙarshe ba, kuma aka sami babba, kaka ko kawu, da zai zauna da yaron ya amsa masa tambaya ba tare da ya yi masa dariya ba. Inda aka zo maganar mutuwa, addu'a da ta'aziyyar da yaro ya saba ji a gida suna da gurbi a bakin manyan cikin labarin, tare da bayani a fili cewa mamacin ba zai dawo ba da kuma wanda zai ci gaba da kula da yaron.

Sai a tuna cewa yanzu ba mai shiri ne yake zaɓar ranar kallo ba. Masu Sesame Street sun iya ɗora kashinsu a ranar da iyaye suke gida. Yau kashi yana yawo a waya, ana tura shi daga hannu zuwa hannu, ana kallonsa ba bisa jeri ba, a maimaita shi sau da yawa, galibi babu babba a kusa. Saboda haka tambayar da yaro zai yi da amsarta duka su kasance a cikin kashin, kada a jinkirta lallashi zuwa mako mai zuwa. Kafin a saki irin wannan kashi, a nuna wa 'yan yara kaɗan masu shekarun da ake nufi tare da iyayensu, a sa su ba da labarin abin da suka gani da bakinsu, a kuma sake tambayar iyayen bayan kwana biyu ko akwai wanda ya kasa barci. Masu Sesame Street sun taɓa shirya kashi a kan mutuwar aure a 1992, gwaji ya nuna yara sun fito da tsoron cewa faɗan iyaye yana nufin rabuwa kuma za a daina son su, sai aka ajiye shi ba a nuna ba duk da kuɗin da aka kashe.