Minti biyu a gaban alƙalai

Wani abokina da ya daɗe a Amurka ya kira ni kwanakin baya cikin damuwa. 'Yarsa ta gama sakandare, ta ce ba likitanci take so ba, wasan kwaikwayo mai waƙa da rawa za ta karanta a jami'a, irin wanda ake yi a dandamalin Broadway na birnin Niyok. Tambayarsa ɗaya ce: wannan ma har karatu ne? Na ce masa karatu ne, kuma ƙofar shigarsa ƙarama ce ƙwarai.

Mu da muka saba da finafinan Kannywood sai mun ɗan gyara tunani kafin mu fahimci abin. A fim, jarumi yana motsa baki ne, muryar ta wani mawaƙi ce da aka naɗa a situdiyo. A wannan fage kuwa mutum ɗaya ne zai yi waƙar da bakinsa, ya taka rawar, ya fito da halin wanda yake kwaikwayo, duk a gaban jama'a, sau takwas a mako, ba damar a ce a sake ɗauka. Shi ya sa sakamakon jarrabawa kaɗai ba ya shigar da kowa. Sai jami'a ta amince da takardun ɗalibi, sannan sashen wasan ya gwada shi ido da ido, kuma amincewar ɗaya ba ta tilasta ɗayar.

Ga yadda abin yake tafiya. Tun daga watan Satumba ɗalibi zai aika bidiyo na tantancewar farko: waƙoƙi biyu, jawabin mutum ɗaya daga wani wasa, sau da yawa har da ɗan guntun rawa. Wanda ya tsallake sai a gayyace shi gwaji a watan Janairu ko Fabrairu, ko dai a harabar makarantar, ko a taron haɗin gwiwa da makarantu da dama suke yi a Niyok da Shikago da Los Anjalas domin rage wa iyalai kuɗin tafiya. A ɗakin gwajin ba a sauraron waƙa cikakkiya. Gaɓa 16 ko 32 ake nema, abin da bai fi minti ɗaya ba, sai jawabin, shi ma kusan haka. Shekarun da yaro ya yi yana koyo, a cikin waɗannan mintoci za a auna su.

A nan ne mafi yawa suke kuskure, kuma kuskuren iri ɗaya ne a wajen zaɓen waƙa da zaɓen makaranta: ɗaukar abin da ya fi ƙarfin mutum domin burge jama'a. Yarinya 'yar shekara 17 za ta ɗauko waƙar da aka rubuta wa dattijuwa mai takaba, don kawai akwai wurin da ake cilla murya sama. Alƙalan sun ji irin wannan cillawar sau ɗari tun safe. Abin da suke nema shi ne ko ta san da wa take magana a cikin waƙar, da abin da take so daga gare shi. Sukan kuma ce a sake rerawa ta wata fuska dabam, ba don an yi kuskure ba, sai don su ga ko ɗalibin yana karɓar gyara. Har yadda mutum ya yi wa makaɗin fiyano magana ana lura da shi.

Haka zancen makaranta. Kowa ya san sunan Carnegie Mellon, wadda sashen wasanta ya samo asali tun 1914, kuma daga can Leslie Odom Jr. na wasan Hamilton ya fito. Kowa ya san jami'ar Mishigan da makarantar kiɗa ta jami'ar Sinsinati. Amma ajin da irin waɗannan suke ɗauka a shekara ɗan ƙarami ne, masu nema kuwa ɗaruruwa. Wanda ya cika jerinsa da manyan sunaye kaɗai yana iya wayar gari a watan Afrilu hannu rabbana. Dole a haɗa da makarantun da ba sa neman gwaji. A kuma bambance digirin BFA, wanda kusan dukkan lokacinsa horo ne na murya da jiki, da digirin BA, wanda yake barin sarari ga wasu darussa. Ga yaron da bai gama tabbatar da zuciyarsa ba, ni na biyun nake gani ya fi.

Sai batun da iyaye suka fi jin nauyin faɗa. Kuɗin makaranta kaɗai a Carnegie Mellon ya haura dala dubu 60 a shekara, ban da ci da kwana, sana'ar kuwa aikin yau ne, gobe babu. Mai bashi a wuya ba zai iya zaman jiran gwaje-gwaje a Niyok ba, dole ya kama wani aikin. Don haka na ce wa abokina kada ya hana ta, amma su zauna tun yanzu su rubuta iyakar abin da gidan zai iya biya, kafin wasiƙun amsa su fara zuwa a watan Maris, lokacin da murna ba za ta bar kowa ya yi lissafi ba.