Lauyan da aka zaga a TikTok, da mu da muka tura

Daren Asabar ɗin da ta wuce muna fada, ana jiran shayi na biyu, wani abokinmu ya miƙo salula ya ce, "Ku ga wannan." Wata mata ce zaune a tsakar gida, goye da yaro, tana magana tana kuka. Ta ce mijinta ya sake ta ya ƙwace mata 'ya'ya biyu, ta sayar da 'yan awakinta ta kai kuɗin ofishin wani lauya a birni, shi kuma ya ci kuɗin ya koma ya haɗa baki da mijin. Ta kama sunan ofishin, har katinsa ta nuna. Kafin a sauke shayi na uku, mutum huɗu cikinmu sun tura bidiyon gurup-gurup. Ni ne na biyar.

Da safe na nuna wa gwaggona, wadda ta yi shekara biyu tana zaryar shari'ar gado. Ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah sarki. Sannan ta dube ni ta ce, "To kai, ɗan nan, ka ji ta bakin lauyan?" Na ce ai bai ce komai ba, da yana da gaskiya da ya fito. Ta ce, "In ya fito ya faɗi abin da ta gaya masa a ɗaki, gobe wace mace za ta sake zama gabansa?"

Tambayar nan ce ta sa ni wannan rubutu. Ra'ayina shi ne: wanda ke riƙe da sirrin iyali, lauya ne ko mai sulhu, ba ya iya cin yaƙin bidiyo sai ya tona asirin wanda ya amince masa, kuma ranar da ya yi haka ya rasa ainihin abin da ya sa ake zuwa wurinsa. Sai dai ba kowane shiru ne riƙon amana ba. Ya kulle bakinsa a kan dosiye, ya buɗe shi a kan yadda aikinsa ke tafiya.

Wani zai ce me ya haɗa Matamaye da ofishin lauya? Gaskiya ne, yawancin lauyoyin Nijar a Yamai suke zaune. Mu nan in aure ya rikice, ana farawa daga waliyyai, a je wurin liman ko mai unguwa, a wuce fadar sarki, in ta ƙi ci sai jastis. Wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara, tafiya ta kai shi Damagaram. A kan wannan hanya akwai malamai masu raba gado, akwai ƙungiyoyin mata masana shari'a, akwai hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011 don taimaka wa marasa hali a gaban kotu. Dukansu aiki ɗaya suke yi da lauyan can: suna jin abin da ba a faɗa a kasuwa. Kuma kowanensu yana iya wayar gari ya ga sunansa yana yawo daga Kantché zuwa Daura, domin WhatsApp ba ya tsayawa a shingen Ɗan Barto.

Mu fara da dalilin da ya sa shari'ar iyali ta fi kowace haifar da irin wannan kuka. Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda ɗaya. An gwada a farkon shekarun 1990, aka sake gwadawa a 2011, duk bai yiwu ba. Abin da ke aiki shi ne dokar tsarin kotuna ta 2018, wadda ta ce a sha'anin aure, saki, nasaba da gado, alƙali ya yi amfani da al'adar masu shari'a, muddin ba ta ci karo da dokokin ƙasa da yarjejeniyoyin da Nijar ta sa wa hannu ba. Shi ya sa ake zaunar da masana al'ada kusa da shi suna ba shi shawara. Sarakuna kuwa doka ta ba su ikon sulhu, amma yanke hukunci na kotu ne.

To ka ga matar da ta sayar da awaki. Ta shiga ofishi da tunanin ta sayi nasara, alhali abin da ta biya shi ne a tsaya mata. In babu wanda ya zauna ya gaya mata da Hausa cewa a al'adar wurare da yawa yaro in ya kai wajen shekara bakwai akan mayar da shi gidan uba, cewa alƙali zai duba maslahar yaron amma ba wanda zai yi mata alkawarin sakamako, to ranar hukunci fassara ɗaya ce za ta zo mata: an sayar da ni. Balle in ta hango lauyanta a harabar kotu yana gaisawa da lauyan mijin suna dariya. A wurinsu gaisuwar abokan sana'a ce. Ita kuwa ta ga shaida da idonta.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka ina wanke masu baƙar riga ne. Akwai wanda ke karɓar kuɗi babu rasit. Akwai wanda in an biya shi sai wayarsa ta daina shiga. Akwai wanda ke karanta wa ƙauyawa hukunci da Faransanci ya naɗe takarda ya ce an gama. Macen da ta kira sau goma ba a ɗaga ba, ba ta san akwai shugaban ƙungiyar lauyoyi a Yamai da ake kai wa ƙarar lauya ba, kuma ko ta sani kuɗin mota ya fi ƙarfinta. Abin da ke hannunta salula ce. Wani lokaci bidiyo shi ne kotun ƙarshe ta wanda aka rufe wa duk ƙofofi, kuma mun ga an gyara zalunci saboda jama'a sun yi ca. Wannan ba abin rainawa ba ne.

Shi kuma wanda aka zaga, hanyoyi uku ne ke saurin jan sa, kuma kowace rami ce.

Ta farko, ya kunna kyamara ya mayar da martani. Ya ce bari in gaya muku abin da ba ta faɗa ba, ya fito da takardar likita, da saƙonnin murya, da abin da mijin ya zarge ta da shi. Wataƙila ya ci wannan daren. Amma ya karya sirrin sana'a da doka ta ɗora masa, wanda ba ya faɗuwa don mai shari'ar ta zage shi. Kuma yaran nan biyu za su girma, bidiyon yana nan cikin wayoyin mutane. Wata rana a filin makaranta wani zai kunna musu. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ta biyu, ya garzaya komisariya. Doka tana ba shi wannan dama. Dokar laifukan intanet ta 3 ga Yuli 2019 ta tanadi ɗauri kan ɓata suna ta hanyar sadarwar zamani. A 2022 aka cire ɗaurin aka bar tara, sannan a watan Yuni 2024 hukumomin soja suka dawo da shi: shekara 1 zuwa 3 a gidan kaso, da tarar miliyan 1 zuwa 5 ta sefa. Da wannan doka aka tsare 'yar jarida Samira Sabou a Yamai a 2020 saboda abin da ya fito a shafinta na Facebook, ta yi makonni a tsare kafin kotu ta sallame ta. Wannan wadda aka sani ke nan, wadda ƙungiyoyin duniya suka tsaya wa. To ina ga sakakkiya mai goyo daga ƙauye? Lauyan da ya sa aka ɗaure wadda jiya take kuka a ofishinsa, ko da shi ke da gaskiya, ya tabbatar wa gari abin da bidiyon ya faɗa. Ƙara tana da wurinta, musamman in an gano wani ne ya shirya ƙarya da gangan don neman kuɗi, amma ta zo bayan an nemi mutum an ji shi.

Ta uku, ya sayi bakin masu mabiya su yi ta yabonsa, ko ya buɗe asusun bogi suna zagin matar. Garinmu ƙarami ne, zancen duniya ba ya ɓuya. Ranar da aka gane, an ƙara masa laifi na biyu a kan wanda ba a ma tabbatar ba.

To me ya rage masa? Ya fara da kiran matar, ko ya aika wanda take jin nauyinsa, kawu ko liman, kafin ya ce wa duniya komai. Sau da yawa abin da mutum ke nema a bidiyo shi ne a saurare shi. In akwai kuskure, kamar ranar zama da aka manta ko kuɗin da ba a yi aikinsa ba, ya amsa ya mayar. Ga jama'a kuma magana biyu ta isa: mun ga abin da ke yawo, sana'armu ta hana mu tattauna shari'ar kowa a fili, ƙofarmu a buɗe take ga mai ƙorafi, ga kuma inda ake kai ƙararmu. Ya faɗe ta da Hausa, da muryarsa, sau ɗaya, kada ya shiga musayar yawu a ƙasan bidiyo.

Babban aikin kuwa tun kafin bidiyo yake. Rasit a kan kowane dala. Takardar yarjejeniya da aka karanta wa mutum da harshen da yake ji, a gaban wani nasa. Bayani tun ranar farko a kan abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba. Sannan ya fita ya yi magana a rediyon gari da shafukan zumunta a kan abin da ba sirrin kowa ba ne: me ya sa ya kamata a je kotu a karɓi takardar shaidar saki, me ake bukata kafin raba gado, ina sulhun fada ya tsaya ina hukuncin alƙali ya fara. Wanda mutane suka saba jin yana koya musu haƙƙinsu, ranar da aka zarge shi za a samu masu cewa a dakata tukuna. Wanda ba a taɓa jin muryarsa ba sai ranar da yake kare kansa, shi kaɗai zai tsaya.

Saura mu, masu yatsa. Bidiyon nan bai yi ƙafa da kansa ba, mu muka ɗauke shi. Muna cewa taimakon matar muke yi, amma wa ya nemi lambarta? Wa ya gaya mata akwai wa'adin ɗaukaka ƙara, kuma yana iya wucewa yayin da muke ta sharhi? Abin da ta samu daga gare mu shi ne dubban baƙi sun san sirrin aurenta, wasu suna tausaya mata, wasu suna cewa ai da ganin idonta ita ce fitinanniya. Bayan kwana uku wani bidiyon ya fito, muka wuce, ita ta rage da dangin miji da suka ƙara fusata da alƙalin da har yanzu takarda yake dubawa. Kuma mu sani, mai turawa ma ba a tsallake yake ba, dokar nan ta 2019 ta taɓo yaɗa abin da ke zubar da mutuncin ɗan Adam.

Ba na cewa mu yi shiru a kan zalunci, wannan shafi ba don shiru aka buɗe shi ba. Ina cewa in kuka irin wannan ya iso wayarka, ka yi abin da zai kai mai kukan wani wuri. Ka tambaya ko wani ya san ta. A haɗa ta da ofishin taimakon shari'a ko ƙungiyar da za ta duba takardunta. In an duba an ga cuta, a rubuta ƙorafi da hujja, a kai inda ake hukunta lauya, mu kuma mu bi sawu a fili har a ji sakamako, ba tare da fuskar yaro ko sirrin ɗaki ba.

Na koma gurup ɗin da na tura bidiyon na goge shi, amma mutum sittin da wani abu sun riga sun gani. Magana zarar bunu ce. Har yau ban san wa ke da gaskiya tsakanin matar da lauyan ba, kuma daren Asabar ma ban sani ba lokacin da na danna.