Renda ta yi duhu? Kar ka ƙara fitila tukuna

Lokacin firojet ya zo, kuma kukan da ake ji a situdiyon 'yan zanen gine-gine iri ɗaya ne: renda ta fito baƙi ƙirin kamar an ɗauke wuta, ko kuma taga ta yi fari fat har ba a ganin komai a waje. Maganin da yawancinmu muka sani shi ne a cusa fitilu goma a falo, a ƙara wa rana ƙarfi, sauran kuma a gyara a Photoshop. A ganina wannan ha'inci ne, kuma kanmu muke fara cuta.

Mu fara da kyamara. Hasken rana tsaka a waje yakan kai lux 100,000, alhali ajin karatu lux 300 zuwa 500 yake buƙata. Idonmu yana daidaita wannan tazarar da kansa. Kyamarar V-Ray kuwa sai ka gaya mata. Lambar EV da manhajar ke zuwa da ita, wajen 14, ta hoton waje ce. Ka shiga ɗaki da ita, dole ka ga duhu. Sauke ta zuwa tsakanin 10 da 12. Duk lamba ɗaya da ka rage, hasken hoton ya ninka sau biyu. To ka ga ashe ba fitila ce ta yi kaɗan ba.

Na biyu, a ina ka ajiye ginin? SketchUp, in ba ka saita masa wuri ba, yana ɗauka kana Boulder ne, a jihar Kolorado ta Amurka, digiri 40 arewa da ikwaita. Kano tana wajen digiri 12. A can rana ba ta taɓa hawa tsakar ka. A nan kuwa, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta, da tsakar rana tana karkata ne ta arewa. Wanda bai gyara wuri, wata da sa'a ba, inuwar wata ƙasa yake nuna wa malamai.

Na uku, farin bango. Kar ka ba shi 255. Farin fenti na gaske kusan kashi 80 cikin 100 na haske yake mayarwa. In ka cika shi, haske ya yi ta yawo tsakanin bangaye, hoto ya ƙone, renda kuma ta ƙi ƙarewa. Ga mai laftof ɗin aro da wutar da ba tabbas, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Gwada da ƙaramin hoto tukuna, ka mayar da komai launin toka, ka ga yadda haske kaɗai yake zama. Sai ya yi daidai sannan ka dawo da tayil da labule.

Wani zai ce, "Malam, ai hoto ne kawai, in ya yi kyau maki ya samu." Ban ƙi ba, kyau yana sayar da aiki, kuma ranar difens kowa so yake a yaba masa. Amma in ka gyara wuri da kyamara da fenti, ɗakin ya ci gaba da duhu, to manhajar gaskiya take faɗa maka: tagarka ta yi ƙanƙanta, ko ba ta inda ya dace. Haka in gilashin da ka shimfiɗa ta yamma yana ƙona hoto da ƙarfe huɗu na yamma, gobe mai gidan zai ƙona a watan Afrilu. Ka rufe wannan da fitilun ƙarya, ka bar wa wani iyali ɗakin da sai an kunna ƙwai da rana tsaka, da kuɗin man janareto. Kakanninmu da suka yi soraye masu kaurin bango da ƙananan tagogi sun san ranar garin nan ba abar wasa ba ce.

Shi ya sa nake roƙon sashenmu da ƙungiyar ɗalibai su shirya bita, ko ta kwana biyu ce, kan haske da kyamara kafin a fara firojet. Malamai kuma su riƙa neman a rubuta wuri, wata da sa'a a ƙasan kowace renda, kamar yadda ake rubuta sikeli a ƙasan fulan. Ƙannenmu na ND 1, ku fara da wannan tun yanzu, kafin hannu ya saba da Photoshop.